Yamai Tun Tana Ƙauye

Yamai, wadda ake rubutawa Niamey a takardun hukuma, ita ce mazaunin gwamnatin Nijar tun 1926. Kafin zuwan Turawa ƙaramin ƙauye ce ta manoman gero da masunta, a gaɓar hagu ta kogin Kwara, daidai inda ƙoramar Gunti Yena ke zuba ruwanta cikin kogi. Lokacin da sojojin Faransa suka kafa sansani a wurin, tsakanin 1901 da 1902, an ƙiyasta mutanenta da kimanin 600. Ƙidayar 2012 ta sami mutum 1,026,848 a yankin birnin. Wannan maƙala ta shafi ƙauyen ne da maƙwabtansa na bakin ruwa, wato Gudel da Gamkalle da Saga da Lamorde, waɗanda birnin ya haɗiye gonakinsu amma bai raba su da ikon ƙasa ba.

Wuri da suna

Zabarmawa na kiran kogin Isa Beri, wato babban kogi. A harshensu gaɓar hagu sunanta Hausa, ta dama kuwa Gurma. Don haka Bahaushen da ya ga Sansane Hausa ko Sorbon Hausa a taswirar yankin kada ya ɗauka garuruwan danginsa ne. Sunan na nuna gefen kogin da garin yake kawai. Mutanen Yamai kuma suna ce wa tsallaken nasu Haro Banda, bayan ruwa.

Ƙasar wurin iri uku ce. Akwai tudun marmara da ya tsaya a kan kogin, wanda ambaliya ba ta kaiwa gare shi. Akwai jigawa mai yashi a bayansa, inda gero ke yi. Sai fadama a bakin ruwa da cikin ƙoramu. Ruwan sama yakan kai milimita 550 ko kusa da haka a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka.

Asalin sunan garin ya zo da ruwayoyi, kuma kowace ruwaya tana da masu ita. Mawri, waɗanda tushensu ke komawa ga Arawan ƙasar Dogon Dutsi amma suka rikiɗe suka koma jin Zabarmanci, suna cewa kakanninsu sun zauna a tsibirin Neni, rikici da Fulani ya tayar da su, suka haye suka sauka gindin wata bishiya mai suna nya. Bakin ruwan da ke wurin ya zama nya-me, domin me baki ne. Zabarmawan Kalle, da suka gangaro daga Zarmaganda, suna cewa shugabansu ne ya umurci mutanensa su share nan su zauna, kalmar umurnin ta zama suna. Ruwaya ta uku tana fassara shi da mashayar uwa, wurin da wata tsohuwa ke ɗibar ruwa. Ba gardamar harshe ba ce kawai. A ƙasar Zabarma wanda ya fara sare daji shi ke da ƙasa, saboda haka duk mai ba da labarin suna yana faɗin wanda ya riga zuwa ne.

Abin da aka fi yarda da shi shi ne Gudel a sama, da Gamkalle da Saga a ƙasa, sun girmi Yamai, kuma sun fi ta mutane da gonaki. Ita Yamai tarin 'yan unguwanni ce na bukkoki: Mawre ta Mawri, Kalle ta Zabarmawan Kalle, Gaweye da sunanta ya fito daga gaw, wato maharbi, Fulan Kwara ta makiyaya, daga baya kuma Zango, masaukin fatake Hausawa.

Noma da zaman ƙauye

Gero ne abincin wurin, hayni a Zabarmanci, kuma iri biyu ake shukawa: hayni kire mai saurin nuna, da somno mai jinkiri, wanda Hausawa suka sani da maiwa. Ana haɗa shi da wake a gona ɗaya, mata kuma suna da 'yan gayaunansu na kuɓewa da yakuwa da riɗi da gujiya. Manomin Zabarma ba ya duƙawa wajen noma kamar na ƙasar Kano. Kayan aikinsa kumbu ne, hauyar tsaye: ƙarfe mai faɗi kamar jinjirin wata a kan doguwar ƙota da ta fi mutum tsawo. Yana tsaye yake tura ta gaba ya jawo, bakin ƙarfen na ratsawa ƙarƙashin yashi kaɗan yana yanke saiwar ciyawa ba tare da ya juya ƙasa ba. Ba a yin kunya. A jigawa mai sauƙi mutum ɗaya yakan nome fili mai yawa da ita, shi ya sa gonakin yankin suke da faɗi amma amfanin kowace eka ba shi da yawa. Wannan faɗin gonaki shi ne daga baya ya zama dukiyar magada.

Idan aiki ya yi wa mutum yawa sai ya kira bogu, gayyar Zabarmawa. Da kaka a ɗaure dammuna a zuba a rumbu, barma. Baƙon da aka ba aron gona yakan kai wa mai ƙasa wani abu daga amfanin, shaidar cewa gonar ba tasa ba ce. Fulani na sauke shanu a gonaki bayan girbi, a sami taki, su sami kara da hatsi. Kogi kuwa na Sorko ne, 'yan'uwan Sarkawan Kabi da Yawuri, masu kamun kifi da farautar dorina.

Al'umma ta kasu tsakanin 'ya'ya, burcin, da bayi. A ƙarni na 19 babban kaso na aikin gona a gidajen masu hali bayi ne ke yin sa, kuma wannan tarihi bai gushe daga zancen aure da na gādon ƙasa ba har yanzu, ko da yake ba a faɗinsa a fili.

Akwai bikin da ya fi kowane nuna damuwar manomin wannan wuri, shi ne yenendi, sanyaya ƙasa, wanda ake yi a ƙarshen rani kafin ruwan farko. Ana kaɗa ƙwarya da goge har iskoki su hau masu bori, a cikinsu har da Dongo, mai tsawa. Sai a cika wata tukunya da ake kira hampi da ruwa, a tona 'yan layuka a ƙasa masu nuna kusurwoyi, a kifar da ita. Yadda ruwan ya bi layukan shi ake karantawa a matsayin labarin damina mai zuwa. Jean Rouch, Bafaranshe mai nazarin al'adu, ya ɗauki wannan biki a fim a Gamkalle da unguwar Yantala a ƙarshen shekarun 1960. Malamai ba su taɓa amincewa da shi ba, kuma sallar roƙon ruwa ta rinjaye shi sosai a yau.

Zamanin yaƙe-yaƙe

A ƙarni na 19 garin da ake ji a wannan yanki shi ne Sayi, kimanin kilomita 55 a kudu, wanda Alfa Mahaman Jobbo ya mai da cibiyar ilimi da ciniki ƙarƙashin inuwar Gwandu. A nan fataken goro ke haye kogi zuwa Gwanja, a nan kuma Heinrich Barth ya haye a 1853 a hanyarsa ta zuwa Tambutu. Tsallaken Yamai na hannun Fulanin Bitinkoji. Sunan Lamorde da ke can ma Fulatanci ne, ma'anarsa mazaunin sarauta. Daga arewa Buzaye na kawo hari. Daga gabas, a Dallol Boso, Isa Korombe na Koygolo ya shafe shekaru yana yaƙi da Fulanin Tamkalla da magoya bayansu har ya faɗi a yaƙin Bumba a 1896. Wasu mayaƙan Zabarma suka bar gida ɗungurungum suka tafi ƙasar Gurunsi, a arewacin Gana da kudancin Burkina Faso na yau, suna kamun bayi. Shugabansu na ƙarshe, Babatu, ɗan Ndunga ne, 'yar tafiya kaɗan a ƙasa da Saga.

A cikin wannan hali ƙauye irin Yamai ba shi da abin yi sai lallaɓawa: ya biya wanda ya fi ƙarfi, ya kwana kusa da jirgin ruwa. A Janairun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta bi gaɓar hagu ta kogin tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Sansane Hausa, kafin ta juya gabas zuwa ƙasar Arewa da Konni.

Garin Kyaftin Salma

Abin da ya ɗaga Yamai matsalar hanya ce. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta Yunin 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta ba Ingila. Wannan ya sa duk ayarin Faransa da zai tafi Damagaram daga kogi sai ya zagaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi. Ana bukatar wurin da jiragen ruwa za su sauke kaya a ɗora wa raƙuma da jakuna da 'yan dako. Kyaftin Henri Salaman ya zaɓi tudun Yamai. Gaɓar na da tsawo, ruwa ba ya cin ta, akwai mashaya mai sauƙi. Ana iya ƙarawa da cewa ƙauyen ba shi da sarki mai ƙarfi da za a yi ta ja-in-ja da shi, kamar yadda za a yi a Sayi ko Karma, kuma mai mulkin mallaka ya fi son wurin da shi ne zai zama babba. Salaman ya buɗe kasuwa, ya jawo mutane. Tsoffin bayi da suka bar iyayengijinsu, musamman bayan dokar 1905 da ta hana cinikin bayi a yankunan Faransa na Afirka ta Yamma, suka samu mafaka kusa da bariki. Hausawa suka riƙa kiran wurin Garin Kyaftin Salma.

Haraji, wanda mutanen Nijar ke kira lanho, da ƙwacen hatsi da dabbobi da aikin tilas suka auka wa ƙauyukan kewaye. A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya tayar da tawaye a Kobkitanda, kudu da Doso. A Janairun 1906 Umaru na Karma ya bi sahu, a garin da bai fi tafiyar yini guda daga Yamai ba. Faransawa suka murƙushe duka biyun. Alfa Saibu ya tsere zuwa ƙasar Sakkwato, inda tarihin Najeriya ya san shi da Ɗan Makaho na yaƙin Satiru, kuma a Sakkwato aka kashe shi a wannan shekara.

Yamai ta zama mazaunin babban kwamandan yankin soja na Nijar har zuwa 1911, sa'ad da aka mayar da mulki Damagaram. Garin ya koma baya, ya zama hedikwatar gunduma kawai. A ƙarshen 1926 Gwamna Jules Brévié ya dawo da babban birni bakin kogi. Damagaram na fama da ƙarancin ruwa, kuma a idon Faransa ta cika kusa da Kano, kasuwarta da malamanta duk can suke kallo. A lokaci guda aka cire gundumar Sayi ta tsallaken kogi daga Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, aka haɗa ta da Nijar. Kafin wannan, mutumin Gaweye da ya shiga jirgi zuwa Lamorde wata ƙasar mallaka ya tafi.

Yunwa da gobara

Ba aikin ofis ne ya fara cika Yamai ba, yunwa ce. Zabarmawa suna ba kowace yunwa suna. Ta 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, su Gande Beri suke ce mata, faffaɗan ƙirji, don ba ta bar kowa ba. Ta 1931 zuwa 1932 ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwa, ta kuma tarar da rumbuna babu komai saboda haraji da aikin gina sabon babban birni da ya kwashe majiya ƙarfi daga gonaki. Mutanen Zarmaganda suka kwararo Yamai neman abin kai wa baki, da yawa suka mutu a hanya, waɗanda suka rayu wasunsu ba su koma ba. Bayan nan ne hukuma ta tilasta rumbunan tsimi a kowane ƙauye, abin da talakawa suka ƙi jini domin mabuɗin ba ya hannunsu. Ta tsakiyar shekarun 1950 an sa mata suna shekarar gari, don garin rogo da aka kawo daga kudu shi ya ceci mutane. Samari kuma suka saba da tafiya cin rani Kumasi da Akara, su dawo da damina.

A 1935 gobara ta cinye bukkokin tsohon garin. Hukuma ta sami abin da take nema: aka tayar da yawancin unguwannin daga bakin kogi aka mai da su kan tudu, a filaye masu layi-layi, aka ce a yi ginin ƙasa maimakon ciyawa. Ƙoramar Gunti Yena ta zama iyaka tsakanin unguwar Turawa, wadda har yau ake kira Plato, da garin baƙar fata. Sunayen suka bi mutanen, shi ya sa Mawre da Kalle na yau suke tsakiyar kasuwanni. Gaweye ta daɗe a bakin ruwa, har sai da kuɗin yuraniyom ya zo aka rushe ta aka gina babban otal mai ɗauke da sunanta da zauren taro na ƙasa a wurin. Daga tsohon ƙauyen Yamai babu gini ko ɗaya da ya rage.

Maƙwabtan da suka tsira

Gudel da Gamkalle da Saga ba a tayar da su ba. Birni ne ya zo ya same su. Wanda ya bar titin kwalta ya shiga tsakiyar Gudel ko Gamkalle zai gane nan take: lunguna masu karkace, katangun laka, awaki a ƙofar gida, maƙabartar dangi, saɓanin layukan da injiniya ya ja. Gamkalle kashi biyu ce, Sebange da Golle, kuma a gefenta ne masana'antu da mahauta da majemar fata suka zauna. A Gudel aka kafa matatar ruwan sha ta birnin. Bayan da kogin ya daina gudu a Yamai a Yunin 1985, abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba, sai aka yi masa ƙaramar madatsa a Gudel don tare ruwan rani.

Wani ƙaramin ƙauye da ke sama da Gudel, Sudure, ya ba Nijar manyan abokan hamayya biyu na zamanin neman 'yanci, kuma dangin juna ne. An haifi Diori Hamani a can ranar 6 ga Yuni 1916, shi ne shugaban ƙasa na farko daga 1960 har juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. An haifi Djibo Bakary a can a 1922. Shi ne zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a 1956, jagoran jam'iyyar Sawaba, wanda ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta Faransa ta 1958.

Saga ta bi wata hanya. A shekarun 1960 aka datse fadamarta, aka ja magudanai, aka kafa injinan ɗaga ruwa, ƙwararru 'yan Taiwan suka koyar da dashen shinkafa. Haka aka yi a Kirkisoy a tsallake, inda kamfanin Riz du Niger, da aka kafa a 1967, yake da injin casa. Tun 1978 hukumar ONAHA ke kula da irin waɗannan filaye, manoma kuma suna cikin ƙungiyoyin haɗin kai. Ana girbi sau biyu a shekara, na damina da na rani. Kowane gida ɗan yanki yake da shi, yawanci bai kai eka guda ba, kuma bayan kowane girbi sai ya biya kuɗin ruwa da wuta da gyaran magudana. Wanda bashi ya taru masa yana iya rasa filin. Jikan mai kumbu, wanda bai saba duƙawa ba, ya koma tsoma ƙafa cikin taɓo yana dasa shinkafa layi-layi, yara na kaɗa gwangwani don korar tsuntsaye, da dare kuma a yi tsaron dorina.

Bakin kogi a Yantala da Gamkalle da cikin Gunti Yena ya zama lambuna. Da asuba za ka ga mutum da butocin ban ruwa biyu yana sauka yana hawa tsakanin ruwa da fangalin latas da kabeji da karas, kafin mata masu sari su iso. Da yawa daga masu wannan aiki baƙi ne, ciki har da mutanen Burkina Faso, suna haya ko aro daga iyalan da suka gaji ƙasar. Zogale, windi bundu a Zabarmanci, wanda ake kwaɗawa a yi kopto, ya zama amfanin sayarwa na sosai a ƙauyukan tsallake.

Kogin da ya ƙafe a 1985 yanzu yawansa ne abin tsoro. Cika biyu yake yi a Yamai. Akwai baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso tsakanin Disamba da Fabrairu a hankali. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ƙoramun Sirba da Dargol da Goruwol ke kawowa daga gefen Gurma. Da aka sare itatuwa ƙasa ta daskare, ruwan sama ya daina nutsewa, sai jan ruwa ya rinjayi baƙi, yashi kuma ya cike gadon kogi. An yi ambaliya a 2010 da 2012. A Satumban 2020 ruwa ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa datsiyar Lamorde, ya shafe unguwanni da gonakin shinkafa.

Gona ta zama fuloti

A 1960 mutanen Yamai kimanin 30,000 ne. Gadar Kennedy ta buɗe tsallake a 1970, jami'a ta zauna can, gonakin Lamorde suka fara tafiya. Farin 1973 zuwa 1974 ya kawo dubban makiyaya sansanin Lazare, wanda ya zama unguwa. Sunan unguwar Bukoki kuwa Hausa ce tsantsa, bukkokin baƙi. Zuwa 1988 jama'a ta kusa 400,000. Tun 1965 aka soma dasa shingen itatuwan dogon yaro kewaye da birnin don tare iska da ƙura, a kan gonakin mutane, kuma rikicin diyyar wannan ƙasa bai mutu ba. An yanka wurare da yawa na shingen an sayar.

Nan ne tsohon labarin wanda ya fara sare daji ya dawo da ƙarfinsa. Shugaban mulkin soja Seyni Kountché ya shelanta a 1974 cewa gona ta mai noma ta ce, abin da ya ba masu aro ƙwarin gwiwa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 kuma ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda. Idan hukumar birni za ta yanka gona, sai ta ba magada wani kaso na filayen a madadin kuɗi, su kuwa su sayar. Akwai lokacin da gwamnati, da albashi ya gagare ta, ta biya ma'aikata bashinsu da filaye, abin da ya cinye gonaki masu yawa cikin 'yan shekaru. Wasu iyalai sun yi arziki. Wasu sun sayar da gādon kakanni sun yi aure da aikin hajji da babur, suka wayi gari ba gona ba sana'a. Shari'ar fili tsakanin 'yan'uwa, da tsakanin zuriyar mai ƙasa da zuriyar wanda aka ba aro, tana cikin abin da ya fi cika kotunan Yamai.

A tsarin mulki na yau birnin gunduma biyar ne: Gudel da Sudure suna ta ɗaya, Gamkalle da Saga ta huɗu, Lamorde da Kirkisoy ta biyar. Saga na da sarkin kanto, Gudel da Gamkalle na da masu gari. Wanda ya sayi gona a gefen birni daga hannun magada, takardar farko da zai riƙe, kafin ta hukumar birni ko ta ofishin filaye, ita ce shaidar da basaraken ƙauyen ya sa wa hannu.